Tsohuwar kwamfutar ofis, AM4 ko AM5: wacce za ta ci gaba da karɓar ƙari?

Kayan cikin kwamfuta ba tare suke tsufa ba. Katin hoto, mai zana abin da ke fitowa a allo, shi ke fara gajiya: shekara uku ko huɗu, sai ka ga sababbin wasanni sun fara yi masa nauyi. Furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, takan ja lokaci fiye da haka, musamman in mai ƙwaya shida ce, wato sassan aiki shida a cikinta. Kes kuwa, wato akwatin kwamfutar, da na'urar ba da wuta wadda masu gyara ke kira fawa-fak, in dai masu kyau aka saya, sai su ga bayan katin hoto uku suna nan daram. Duk mai niyyar haɗa kwamfutar wasa da kuɗi kaɗan, ya riƙa ƙara mata kaya sannu a hankali, a kan wannan bambancin zai ɗora lissafinsa. Abin da zai daɗe a saye shi sau ɗaya, mai kyau. Abin da ke saurin tsufa a jinkirta sayensa sai an buƙace shi, domin ƙarfin da ka saya yau don baɗi, kafin baɗin ta zo an fito da wanda ya fi shi.

Masu ƙaramin ƙarfi galibi ta ɗaya daga ƙofa uku suke shiga. Ko su sayi tsohuwar kwamfutar ofis su cusa mata ƙaramin kati, ko su haɗa sabuwa da furosesar da ke fitar da hoto da kanta su bar katin sai gaba, ko kuma su kafa tushe mai kyau su ɗora masa kati na hannu. Duka ukun suna buga wasa a ranar farko. Bambancinsu sai an shiga shekara ta biyu yake fitowa.

Tsohuwar kwamfutar ofis

Ita ce mafi araha, nesa ba kusa ba. Irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre da kamfanoni ke fitarwa bayan sun gama da su, suna zuwa a haɗe: furosesa, RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi), kes, komai. Ka ƙara SSD, ma'ajiyar fayil mai sauri, ka sa kati irin GTX 1650 ko RTX 3050 mai giga 6, waɗanda ramin da ake cusa su, wato PCIe, kaɗai ke ciyar da su da wat 75 ɗin da yake bayarwa, ba sai an jona musu wata waya ba. Da wannan za ka buga wasannin gasa marasa nauyi da tsofaffin manyan wasanni a 1080p cikin kwanciyar hankali.

Matsalar tana ranar da ka ce za ka ƙara. Buɗe murfin ka duba: fawa-fak ɗin ƙarami ne, sau da yawa tsakanin wat 180 zuwa 300, kuma a yawancinsu kan wayar da ke shiga madabod, babban faifan da komai ke jone a kansa, ba irin na kowa ba ne mai fil 24, nasu ne na kansu mai fil 6 ko 8. Ba za ka cire shi ka sa na kasuwa kai tsaye ba. Madabod ɗin ma ba lallai ya zauna a wani kes ba, don ramukan kusoshinsa da wayar maɓallin kunnawa duk na musamman ne. In siririn kes ne, kati mai cikakken tsayi ba zai shiga ba tun farko. Wato idan ka so babban kati, sai fawa-fak. Idan ka so fawa-fak, sai kes. Idan ka so kes, sai madabod. Daga ƙarshe SSD ɗin da katin ne kawai za su bi ka sabon gida.

Akwai kuma batun Windows. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana neman sashen tsaro na TPM 2.0 da furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen daga jerin 2000. Saboda haka in dole sai wannan hanyar, i5-8500 mai ƙwaya shida ta fi i5-6500 mai huɗu ta kowace fuska, kuma a nemi mai babban kes. Ni dai ba na kallon kwamfutar ofis a matsayin tushe. Abin rage zafi ce kafin a tara na haɗa ta gaske, kuma in an ɗauke ta a haka ba ta da laifi.

Furosesa mai hoto a ciki, kati daga baya

Wannan dabarar ta yi tashe a 2021, lokacin da masu haƙar kuɗin kirifto suka kwashe katunan hoto daga kasuwa. Ryzen 5 5600G ta ceci mutane da yawa a wannan shekarar: ka haɗa kwamfuta cikakkiya ba kati, ka riƙa buga ƙananan wasanni, in hali ya yi ka ƙara katin.

Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne kuɗin hoton nan da wani abu aka biya shi. 5600G tana da kash na L3 mega 16 ne, alhali 'yar'uwarta Ryzen 5 5600 marar hoto tana da 32, kuma wasanni na son wannan ma'ajiyar ta cikin furosesa ƙwarai. Sannan 5600G a PCIe 3.0 ta tsaya, 5600 kuma tana kai 4.0 a kan madabod B550. Ranar da ka sa katin, hoton cikin ya zama ba shi da aiki, ragin da aka yi maka kuma yana nan. A AM5, mazaunin furosesa na AMD da ya gaji AM4, ma labarin bai canza ba: 8600G layin PCIe takwas take ba katin hoto, 8500G kuwa huɗu kacal.

Tambayar ita ce yaushe katin zai zo. In wata biyu ne ko uku, ka yi haƙuri ka sayi furosesa marar ragi tare da katin lokaci guda. In kuwa ka san shekara za ta zagayo ba ka same shi ba, hoton ciki ya biya kuɗinsa, don shekara guda kana wasa ba ƙaramin abu ba ce. Sharaɗi ɗaya: RAM ya zama sanda biyu. Hoton ciki ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM yake ɗiba, kuma sanda ɗaya tana rage masa hanya da rabi.

Soket: nan ne ake yanke shekaru biyar masu zuwa

Soket shi ne mazaunin furosesa a kan madabod, kuma shi ke nuna ko ƙarin da za ka yi nan gaba abu ɗaya ne ko abu uku. Tarihin AM4, soket ɗin AMD, ya isa misali. AMD ta fito da Ryzen na farko a 2017. Wanda ya sayi Ryzen 5 1600 da madabod B350 a wannan shekarar, a 2022 yana iya sabunta BIOS, manhajar da ke cikin madabod, ya ɗora Ryzen 7 5800X3D mai kash mega 96, wadda a lokacinta tana cikin furosesoshin da suka fi kowa iya wasa. Madabod ɗaya, RAM ɗaya, kes ɗaya. Ba a banza abin ya zo ba kuwa: a 2020 AMD ta fara cewa jerin 5000 ba za su yi aiki a kan B450 da X470 ba, sai da masu saye suka yi ca sannan ta janye, su B350 kuma sai 2022 aka buɗe musu ƙofa a hukumance.

Intel ba haka ta saba ba. LGA1200 na 2020 zubi biyu ya ɗauka, na 10 da na 11. LGA1700 da ya zo ƙarshen 2021 ya ɗauki uku, 12 da 13 da 14, sannan aka koma LGA1851 a 2024. Ba wai furosesoshin ba su da kyau ba ne. I3-12100F da i5-12400F sun yi suna wajen masu ƙaramin kuɗi, kuma madabod ɗinsu akwai mai DDR4 akwai mai DDR5, sai wanda ka zaɓa. Amma in shirinka ka hau manyan na 13 ko 14 na hannu nan gaba, ka san cewa su ne suka yi fama da matsalar lalacewa saboda yawan wutar da ke shigarsu, har Intel ta fitar da gyara ta BIOS a 2024 ta kuma ƙara garanti da shekara biyu. Gyaran yana hana lalacewa, ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu, kuma ba a gane taɓaɓɓiya da ido. Zubi na 12 abin bai shafe shi ba.

To AM4 ko AM5? AM4 yanzu hanya ce da aka san ƙarshenta. Ka san iyakar inda za ka kai: 5600 a yau, 5700X3D ko 5800X3D in ka dace da ita, daga nan sai sabon tushe. Amfaninta arahar madabod da DDR4, da yawan kayan hannu. AM5 ya fara a Satumbar 2022, DDR5 kaɗai yake karɓa, kuma AMD ta yi alƙawarin riƙe shi har 2027 ko fiye. Wanda ya fara da Ryzen 5 7500F ko 7600 a kan B650 yana da 7800X3D da 9800X3D a gabansa, da abin da zai biyo baya. Shigarsa ce ke da tsada, kuma tsadar ta ƙaru tun ƙarshen 2025 da farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira na wawure kayan ma'ajiya.

Ga yadda nake auna shi. In kana da DDR4 a hannu, ko bambancin kuɗin AM4 da AM5 ya kai ya ɗaga ka daga ajin kati zuwa na gaba, ɗauki AM4 ka zuba bambancin a kati, don a yawancin wasanni katin ne ke ƙayyade abin da idonka zai gani. In kuwa daga sifili kake farawa kuma tazarar ba ta da yawa, AM5 ya fi, amma kada ka ruga kan madabod mafi araha. Wasu A620 an gina su ne don furosesa mai cin wuta kaɗan, kuma idan madabod ba zai ɗauki furosesar da kake mafarkin ɗorawa ba, dalilin biyan kuɗin AM5 ya faɗi. Haka nan madabod mai tsada mai ado ba ya ƙara firam ko ɗaya, wato yawan hotunan da wasa ke fitarwa a daƙiƙa. Na tsakiya ake nema: mai ƙarfen sanyaya a kan sashen wutar furosesa, mai ramin M.2 biyu na sa SSD, kuma in da hali mai maɓallin sabunta BIOS ba tare da furosesa ba.

Wannan maɓallin ba ƙawa ba ne. Ranar canza furosesa, ƙa'idar ita ce ka sabunta BIOS tun tsohuwar na ciki. Ka sauke fayil ɗin daga shafin kamfanin madabod, ka sa a filashi, ka shiga BIOS ka ɗora, kuma kada wuta ta yanke a tsakiya. Wanda ya sayar da tsohuwar kafin ya yi wannan, zai kunna ya ga fankoki na juyawa, allo kuwa baƙi ƙirin, ya zaci an sayar masa da matacciya. Maɓallin nan shi ke fitar da mutum daga wannan halin. A AM4 kuma, kafin ka cire fankar furosesa ka bar kwamfutar ta ɗan yi zafi, ka murɗa ta a hankali hagu da dama. In ka fizge ta a sanyi, man da ke tsakaninsu ya daskare, sai ta taho da furosesar gaba ɗaya filolinta su lanƙwashe.

Katin hoto

A nan ake yawan asarar kuɗi, ta hanyar hawa mataki-mataki. Mutum ya fara da GTX 1650, bayan wata takwas ya koma wanda ya ɗan fi shi, bayan shekara ya koma wani da ya ɗara shi kaɗan. Kowane canji ya yi asara wajen sayarwa, kuma idonsa bai ga wani bambanci na a zo a gani ba: an yi ba a yi ba. Ma'aunin da nake bi shi ne kada a canza kati sai sabon zai ba da aƙalla rabin abin da tsohon ke bayarwa a kai. In kana samun firam 60, ka nemi wanda zai kai ka 90. Ƙasa da haka ka ci gaba da tarawa.

Abu biyu ke kashe kati kafin ƙarfinsa ya ƙare. Na farko ƙarancin ma'ajiyarsa. RTX 3060 na 2021 ya zo da giga 12, RTX 4060 na 2023 ya fi shi gudu amma giga 8 gare shi. A 1080p da matsakaicin saiti giga 8 na wadatarwa har yanzu, amma idan ta cika, wasan kan fara sarƙewa, bango da fuskoki su yi dishi-dishi kafin su washe. Abin ya fi muni in katin layin PCIe ɗinsa kaɗan ne kuma madabod na 3.0 ne, don hanyar da zai bi ya aro daga RAM ta ƙuntata. RX 6500 XT shi ne misalin da kowa ke kawowa: giga 4 da layi huɗu. Mai B450 ya kauce masa. Kuma in za ka sayi RTX 5060 Ti ko RX 9060 XT na 2025 da niyyar riƙe shi shekara huɗu, kowannensu yana da na giga 8 da na 16, na 16 ɗin ne na mai dogon zango.

Na biyu fasahar da katin bai sani ba. Doom: The Dark Ages na 2025 ba ya tashi sai da kati mai lissafin haske a jikinsa, wato RTX ko RX 6000 zuwa sama ko Arc. GTX 1080 Ti, duk da giga 11 ɗinsa, yana waje. Nvidia ma ta daina fitar wa jerin GTX 10 direbobin sababbin wasanni a ƙarshen 2025. GTX 1060 da RX 580 sun yi wa mutane hidima shekara da shekaru, amma yau sayensu na riƙon ƙwarya ne kawai. A kayan hannu, daga RX 6600 ko RTX 3060 zan fara dubawa. Intel Arc B580 da ya fito Disambar 2024 da giga 12 yana da daɗin lissafi a takarda, sai dai yana buƙatar a kunna Resizable BAR a BIOS, kuma ba ya sakin jiki da tsofaffin furosesoshi, don haka ba na mai Ryzen 2600 ba ne.

Kati na hannu ba abin tsoro ba ne, ko da an yi haƙar kirifto da shi. Da yawa sun shigo kasuwa bayan an daina haƙar kuɗin kirifto na Ethereum a Satumbar 2022, kuma galibi fanka ce ke fara gajiya a cikinsu. Amma ba a cinikin biri a sama. A jona shi a gabanka, a buɗe wasa mai nauyi na minti ashirin, ka duba zafi, ka saurari fanka, ka lura ko ɗigo-ɗigo masu launi na fitowa a allo. Ka buɗe manhajar GPU-Z, mai nuna bayanan kati, ka tabbatar da sunan. RX 580 mai alamar 2048SP, alal misali, kusan RX 570 ne da aka sauya wa suna. Kafin ka biya ka auna tsawon cikin kes ɗinka da tef, in ka sa shi kuma ka tuna ka mayar da wayar allo bayan katin, ba bayan madabod ba.

Fawa-fak shi ne wurin da ba a yin rowa. Babbar lambar da ke jikin kwali ba ita ce abin dubawa ba. A gefensa akwai takarda mai jadawali. Nemi layin +12V, ka ninka amfiyar da 12. In an rubuta 45A, wat 540 ke nan, kuma daga nan kati da furosesa ke sha. Tambarin 80 Plus rashin ɓarnar wuta yake aunawa, ba ingancin kayan ciki ba. Tsawon garanti ya fi shi faɗin gaskiya, don masu kyau kan zo da shekara biyar zuwa goma. Wat 650 ya ishi kwamfutar matsakaicin kati, 750 kuma ya bar maka sarari. In ba shi da wayar kati mai fil 8, kada ka yi dabarar jona ta daga wayar SATA: ita wat 54 aka yi ta ta ɗauka a layin 12V, katin kuma yana iya jan 150 ta nan. Haka robar ke narkewa.

RAM da ma'ajiya ba sa buƙatar dogon bayani. Giga 16 a sanda biyu shi ne mafari, 32 idan wasanninka sun fara nema. A madabod mai rami huɗu, na biyu da na huɗu daga furosesa ake fara cikawa, kuma a shiga BIOS a kunna saitin gudun RAM, wato XMP ko EXPO, in ba haka ba a ƙaramin gudu zai tsaya. DDR4-3200 ko 3600 ya dace da Ryzen 5000, DDR5-6000 da Ryzen 7000. A DDR5 kada ka yi shirin ƙara sanda biyu daga baya su zama huɗu, don sau da yawa gudun sauka yake yi. Gara ka sayar da biyun ka sayi manyan biyu. SSD kuwa dole ne, Starfield tun 2023 ya sa shi cikin sharuɗɗansa. Amma tsakanin SSD irin NVMe mai araha da mai tsada, a wasa da ƙyar za ka ji bambanci. Girma ya fi gudu amfani a nan.

Me za a fara canzawa?

Kwamfutar da kanta za ta gaya maka. Kunna ma'aunin da ke nuna aikin kati a kusurwar allo, irin na MSI Afterburner, ka shiga wasan da ka fi bugawa, a wurin da ya fi cunkoso. In katin na zaune a kashi 97 zuwa 99 cikin ɗari, shi ne ya kai iyakarsa, sabon kati zai yi amfani. In yana yawo a 60 ko 70 kuma firam ba sa ƙaruwa ko ka rage saiti, furosesa ce ko RAM ke riƙe shi, sabon kati a nan zubar da kuɗi ne. Kada jimillar aikin furosesa ta ruɗe ka. Tana iya nuna kashi 40 alhali ƙwaya ɗaya da wasan ya dogara da ita ta cika maƙil. Masu wasannin harbi na gasa a 1080p sun fi cin karo da wannan, shi ya sa furosesar X3D ke yi musu abin da babban kati ba zai yi ba.

A duba allon ma. Kwamfutar da ke fitar da firam 140 a kan allo mai 60Hz, wanda hoto 60 kawai yake nunawa a daƙiƙa, fiye da rabin aikinta ba ya isa ido. Komawa 144Hz mai FreeSync na cikin ƙarin da aka fi ji a hannu. Komawa 1440p kuwa nauyi ne sabo a kan katin, ɗigon hoton ya ƙaru da kusan kashi 78 cikin ɗari, don haka a yi shi tare da canjin kati ko bayansa, ba kafinsa ba.

Akwai ranar da ƙari ke daina ma'ana, ita ce ranar da canjin abu ɗaya zai ja uku. Mai AM4 da ya riga ya kai 5600 ko X3D, ko mai LGA1700 da DDR4, mataki na gaba a wurinsa furosesa ce da madabod da RAM a lokaci guda. A nan kada ka sayi ɗaya ka ajiye kana jiran sauran, garantinsa na tafiya ba ka ma san ko yana aiki ba. Ka tara kuɗin ukun, ka saye su a mako guda, ka sayar da tsofaffin ukun a haɗe, don mai saye ya fi son abin da zai gani yana aiki tare. Kes, fawa-fak, SSD, allo da katin su koma sabon tushe yadda suke.